Kafin ƙugiya ta ɗaga kaya, a duba inda ta taka

Direbobin kiren, wato motar ƙugiya mai ɗaga kaya, da masu ba su aiki, ku ba ni aron kunnuwanku, musamman yanzu da damina ta kankama.

Na taɓa isa wani wurin gini ana shirin sauke babban janareta. Motar ta miƙe ƙafafunta huɗu na ƙarfe da take dogarawa a kansu lokacin ɗaga kaya, amma ɗaya tana kan murfin sokawe, an tallafe ta da bulo biyu. Direban ya ce mini, "Ranka ya daɗe, minti biyar ne, mun saba." Ban bari an ɗaga ba sai da aka matsar da motar.

Lokacin da hannun ƙugiya ya juya da kaya, mafi yawan nauyin motar da na kayan yana komawa kan ƙafar da hannun ya bi ta samanta. Idan ƙasan wajen ciko ne, ko akwai kwalbati, ko ruwa ya jiƙa shi, ƙafar za ta nutse, motar ta kife kafin direba ya ankara. Bulo kuwa rugurgujewa yake yi. A shimfiɗa farantin ƙarfe ko katakai masu kauri a jere, ba tazara, faɗinsu ya fi tafin ƙafar sosai. A fitar da ƙafafun gaba ɗaya, tayoyi su bar ƙasa, kumfar ma'aunin daidaito da ke jikin motar ta tsaya a tsakiya. In akwai rami kusa, a ja baya aƙalla gwargwadon zurfinsa.

Kada sunan mota ya ruɗe ku. Mai tan 25 tana ɗaukar hakan ne kurkusa da jikinta, da gajeren hannu. Ana miƙa hannun nesa, abin da za ta iya yana raguwa ƙwarai. Jadawalin nauyi yana ɗakin direba, a karanta shi. A fara ɗaga kayan kamar taƙi ɗaya, a dakata, a zagaya a duba ko wata ƙafa ta fara lumewa.

Sai iska. Ranar 11 ga Satumba, 2015, ƙugiya ta faɗo a Masallacin Harami na Makka ana ruwa da guguwa, mutum fiye da 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. An bar hannunta a tsaye ne. Da kun ga hadari ya haɗo, ku sauke kaya, ku janye hannun, ko da mai aiki zai yi fushi.