Waiwaye: Inda Tsoron Motar Haibirid Ya Samo Asali

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, mutanen da a da ko kallon motar haibirid ba sa yi sun fara tsayawa a gabanta a wajen dillalai. Ita ce motar da ke haɗa injin fetur da injin lantarki, ba ta shan mai sosai, musamman a cunkoson cikin gari. Sai dai da wuya ciniki ya yi nisa ba a samu wanda zai ja mai saye gefe ya raɗa masa ba: "Alhaji, batirin fa? Ranar da ya mutu, motar ta mutu." Maganar tana da tushe, amma wanda ya bi tarihin motocin nan zai ga ba a batir kaɗai gizo ke saƙa ba.

A 1993 kamfanin Toyota ya kafa wani shiri na ƙera mota mai ƙarancin shan mai, mai suna G21, wanda daga baya injiniya Takeshi Uchiyamada ya jagoranta. Motar gwaji ta farko, a ƙarshen 1995, ta yi kwana 49 ba ta motsa ba, da ta motsa kuma kimanin mita 100 ta yi ta tsaya. Batir ne ya zame musu ƙarfen ƙafa, domin ba ya jure zafi, ba ya jure sanyi. Duk da haka Prius, motar haibirid da shirin ya haifar, ta shiga kasuwar Japan a Disamban 1997, ta isa Amurka da Turai a 2000. Honda ta fito da tata, Insight, a 1999.

Kamfanonin biyu ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma daga nan labarin ya rabu. Toyota ta haɗa injin fetur da injinan lantarki biyu ta wani ɗan tsarin haƙoran giya guda. Babu kuloci, babu canjin giya irin wanda muka sani, babu kik, babu altaneta. Kayan da suka fi kai mota gareji an rage su tun daga zane. Honda kuwa ta saka ƙaramin injin lantarki tsakanin injin fetur da giya, da ƙaramin batir mai shan wahala. Batiran Civic Hybrid ƙirar 2006 zuwa 2008 suka riƙa raunana tun lokacinsu bai yi ba. A 2010 kamfanin ya sabunta manhajar motocin don ya sassauta wa batirin, masu motoci da yawa suka ce tun daga nan shan mai ya ƙaru, aka tafi kotu, aka sasanta a 2012. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ruwaito a 2013 cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu ƙirar 2009 da ta tambaya sun canza batir cikin shekara guda. Honda ta yi watsi da tsarin, amma baƙin jinin ya riga ya shafi duk motar da aka rubuta haibirid a jikinta. Wake ɗaya ne ya ɓata gari.

A daidai wannan lokacin direbobin tasi suna ba da wata shaidar daban. Motocin Ford Escape Hybrid da suka fara aikin tasi a San Francisco a 2005 sun kai mil 300,000, wato wajen kilomita 480,000, kafin a ajiye su, kuma batir bai zama matsalarsu ba. Dalilin shi ne kwamfutar motar ba ta barin batir ya cika maƙil ko ya ƙare ƙarƙaf. Tana riƙe shi a tsakiya, wajen kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari.

Toyota ma ta sha nata. A Fabrairun 2010 ta kira motoci kusan 437,000 don gyaran manhajar birki. A Nuwamban shekarar ta ce za ta canza wa Prius 650,000 ƙirar 2004 zuwa 2007 ɗan famfon ruwan da ke sanyaya na'urorin lantarki. Babbar ta zo a Fabrairun 2014, lokacin da aka kira Prius miliyan 1.9 saboda inbata. Wannan akwati ne da ke zaune kusa da injin, yana karɓar wutar batir mai ƙarfin bolt 200 da 'yan kai, ya ɗaga ta har zuwa 650, ya juya ta irin wadda injinan lantarki ke amfani da ita. Idan direba ya take totur da ƙarfi, wasu ƙananan sassa a ciki kan yi zafi su lalace, motar ta rage gudu ko ta mace a tsakiyar titi. Manhaja aka sauya, sai ga shi a Oktoban 2018 an sake kiran motoci miliyan 2.4 a kan batun macewar. A ganina wannan ya fi maganar batir muni nesa ba kusa ba. Batir yakan daɗe yana nuna alamar gajiya, amma motar da ta ɗauke wuta kana tsakiyar wuce tirela maganar rai ce.

Akwai kuma ciwon da makanikai suka fi sani a Prius ƙirar 2010 zuwa 2015. Bututun da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin yakan toshe da baƙin kunkunniya, injin ya riƙa zafi, a ƙarshe gaskit ya ƙone. Alamarsa ita ce injin ya yi ta jijjiga da ƙara idan aka tada shi da safe. Wannan ciwon injin fetur ne zalla, amma idan motar ta kwanta sunan haibirid za a kira.

Sababbin matsalolin sun fi yawa a motocin da ake jona wa caji a bango, masu manyan batiran litiyam. A 2022 an umarci masu Chrysler Pacifica Hybrid ƙirar 2017 da 2018 su daina caji, su riƙa ajiye ta a waje nesa da gini saboda gobara. A 2024 aka maimaita wa masu Jeep 4xe irin wannan gargaɗin. Ƙididdigar Consumer Reports ta 2023 ta raba gardama: haibirid ta gargajiya ta fi motar fetur ƙarancin matsala da kashi 26 cikin ɗari, mai jonawa a bango kuwa ta fi motar fetur matsala da kashi 146.

To, ina muka tsaya? Motocin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano, su Camry Hybrid, Prius, Highlander da Lexus RX, akasari na waɗancan shekarun ne da ake ta kiran gyara. Garantin batirinsu na shekara 8 ko mil 100,000 ya ƙare tuntuni. Sannan zafi, wanda shi ne ya dami Uchiyamada tun farko, shi muke da shi a wadace. A Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40 a bazara, ga ƙurar hunturu. Batirin Prius da iskar cikin mota yake shan sanyi, ta wata 'yar kafa a gefen kujerar baya da wata ƙaramar fanka. Idan aka kwance fankar motar da ta shekara biyu a nan, za a tarar da fukafukanta sun daskare da jar ƙura da zare-zaren tufafi. Wani kuma ya tokare kafar da jaka ko filo bai sani ba. Daga nan sai jar alama mai kusurwa uku ta bayyana a dashbod, kwamfuta ta karanto P0A80, lambar da ke nuna batirin ya raunana.

Abin da ke biyo baya ya fi damuna. Batirin Prius ƙwayoyi 28 ne a jere. Ana cire mai rauni guda a saka wani tsoho ba tare da an daidaita sauran ba, bayan 'yan watanni alamar ta dawo, mai mota ya rantse ba shi ba haibirid. Haka mai gyaran esi zai zuba man kwamfireso na motar fetur, alhali na haibirid lantarki ne ke juya shi, mansa daban ne, ana kiransa ND-11. Man da bai dace ba yana sa wuta ta riƙa zurarewa har motar ta ƙi tashi. Wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauko wutar batirin kuwa wutar cikinsu tana kisa, ba na taɓawa da hannu tsirara ba ne.

Duk mai niyyar saye ya nemi rewaya da ya san aikin tun kafin ya biya kuɗi. A jona kwamfuta a ga ƙarfin kowane rukunin ƙwayoyin batir yayin da motar ke tafiya, a tada injin da sanyin safiya a saurare shi, a kuma saka lambar jikin motar a shafin kamfanin a ga, idan Prius ce, ko an yi mata gyaran 2014 da na 2018 kafin a ɗoro ta a jirgi.