Dokar rubuta sinadaran kush na jarirai a jikin fakiti

Kush, ko pampas kamar yadda wasu ke kiranshi a Yamai da Tawa, wando ne na jarirai da ake yarwa bayan an yi amfani da shi sau ɗaya. Akwai wata doka da ke tilasta ma kamfani ya rubuta duk abin da ya sa a cikin kush ɗin a jikin fakiti, yadda uwa za ta san me ke taɓa fatar ɗanta dare da rana.

Jihar New York ta Amurka ce ta fara. 'Yar majalisa Linda Rosenthal ta kai ƙudurin gaban majalisar jihar tare da sanata Cordell Cleare, gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a Disamba 2024, aka ba kamfanoni shekara guda su shirya. Tun 2019 ma jihar ta yi irin wannan doka kan audugar mata.

To me ke cikin kush ɗin? Akwai ɓargon itace da aka niƙa ya koma kamar auduga, akwai leda ta waje, gam, roba mai talewa a cinya, sai wani gari da ake ce ma sodiyom poliakirilet, shi ne ke shanye fitsari ya zama kamar kunu mai kauri, kuma yana iya shan ruwa ninki ɗaruruwa na nauyinshi. Wasu kamfanoni na ƙara turare da man shafawa da launi, kuma a nan ne yawancin damuwar take don turare na iya jawo ma yaro ƙaiƙayi da ƙuraje, balle a zafin watan Afrilu da Mayu lokacin da rana ke wuce digiri 40 yaro na zufa a cikin leda.

Faransa ma ta taɓo batun. A Janairu 2019 hukumarsu ta ANSES mai kula da lafiyar abinci da muhalli ta fitar da rahoto cewa ta samu sinadarai masu illa irin su dayoksin da formaldehid da wasu sinadaran turare a kush ɗin da ta gwada, gwamnati ta kira kamfanonin ta ce su gyara.

Dokar New York a can take aiki, ba ta shafi kayan da ake shigowa da su kasuwanninmu ba. Kuma ko da an rubuta, mu namu saye daban ne, uwa da yawa ba ta iya sayen fakiti gaba ɗaya, sai ta aiki yaro wajen mai tebur ko butiki a sayo guda ɗaya ko biyu a ƙulle a leda, fakitin yana can wajen mai kanti ba ta ma ganshi ba. Wadda ta saya da fakitin kuma sau da yawa rubutun da Turanci ne ko Sinanci, ƙanana ƙwarai. Ni a ganina in har za a kawo irin wannan doka Nijar, sai a ce rubutun ya zo da harshen da mutane ke karantawa, kuma unguwarzoma su riƙa yi ma iyaye bayani ranar awo da rigakafi.