Gudun ruwa a tankin sigarin lantarki mai ɗaurin hannu

Tanki mai ɗaurin hannu, wanda masu harkar ke kira RTA, wani nau'in kan sigarin lantarki ne da mai shi ke naɗa koyil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi, da kansa, ya cusa masa auduga da kansa, maimakon ya sayi wanda kamfani ya haɗa ya jefar idan ya ƙone. Abin da ya fi wahalar da masu irin wannan tanki shi ne gudun ruwa: ko ruwan sigarin, wanda ake zubawa a tanki don ya zama tururin da ake zuƙa, ya ƙi isa ga koyil a kan lokaci, ko ya yi masa yawa har ya riƙa yoyo. Gyaran da ake yi ya kama daga sassauta auduga har zuwa faɗaɗa hanyoyin ruwa a jikin ƙarfen.

Asali

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera sigarin lantarki na zamani a 2003, aka fara sayar da shi a 2004. Na farkon ƙanana ne. Daga baya masu sha'awar abin a Turai da Amurka suka shiga ƙera nasu, har aka samu tankuna irin su Kayfun na kamfanin SvoëMesto, wanda ya yi suna ƙwarai aka kuma kwaikwaye shi da yawa. Yau akasarin tankunan da ke kasuwa daga masana'antun birnin Shenzhen suke fitowa.

Yadda ruwan ke tafiya

Duk wanda ya taɓa gyara fitilar ƙwai ya san rabin maganar. Lagwani ne ke jawo kananzir zuwa ga wuta, kuma idan ya matse a makogwaron fitilar, sai ya riƙa cin kansa yana hayaƙi. A tanki auduga ce lagwanin. Tana ratsa tsakiyar koyil, wanda faɗin cikinsa yakan kai milimita 2.5 zuwa 3, jelarta biyu kuma suna sauka cikin 'yan ƙofofin da ruwa ke shigowa. Koyil ɗin, na wayar Kanthal ko nikrom ko ƙarfe mara tsatsa, yana yin zafi ya mayar da ruwan tururi, audugar ta sake tsotso wani.

Ɗaya rabin maganar iska ce. Tankin a rufe yake, saboda haka idan ruwa ya ragu, iskar da ke samansa takan yi rauni fiye da ta waje, wannan ne ke riƙe sauran ruwan kada ya zube, kamar yadda lemo ke tsayawa a cikin tsinken sha idan an toshe bakinsa da yatsa. 'Yan kumfar da ake gani suna hawa bayan an zuƙa alama ce iska ta shiga ta maye gurbin ruwan da ya fita. Idan an yi ta zuƙa ba a ga kumfa ko ɗaya ba, to hanya ta toshe.

Sai kaurin ruwan kansa. Ana haɗa shi ne da PG, wato furofilin gilaikol, da VG, wato gilisarin, sai ɗanɗano, galibi da nikotin. A zafin digiri 20 gilisarin ya fi ruwan sha kauri fiye da sau 1,000, PG kuwa kusan sau 50 ne kawai. An tsara tsofaffin tankuna ne domin ruwa mai PG da yawa da wuta kaɗan, wat 10 zuwa 15. Da yayin tururi mai yawa ya zo wajen 2014, aka koma ga ruwa mai kashi 70 cikin 100 na VG ko fiye, da koyil ɗin da turjiyarsa ga wutar lantarki ba ta kai om 1 ba, sai ƙananan hanyoyin nan suka kasa. A nan al'adar gyaran tanki ta yi ƙarfi. Yanayi ma yana da hannu: ruwan da ke tafiya daidai a lokacin zafi yakan yi nauyi da sanyi, wanda ya yi daidai da sanyi kuma yakan yi yoyo idan an bar tankin a mota cikin rana.

Gyare-gyare

Mafi yawan matsalar a auduga take, kuma gyaranta ba ya cin komai. Ana so ta cika cikin koyil ba tare da ta ja shi ba idan an motsa ta. Jelar kuwa akasin haka ake so: a rage tsawonta, a taje ta da tsinke har ta yi sakayau, a kwantar da ita a bakin ƙofa, ba a danna ta ciki kamar ana toshe rami ba. Sabon shiga yakan cusa auduga da yawa don tsoron yoyo, sai ya samu ƙauri. Idan ya rage fiye da kima, sai tanki ya fara ƙarar ɓulɓul yana tofo ruwa mai zafi a baki. Tsakanin biyun ɗan siriri ne, hannu ne ke koyonsa.

Wasu ruwan suke sassautawa, su ƙara PG ko 'yan ɗigo na tataccen ruwa. Wasu su rage wuta, ko su ɗan dakata tsakanin zuƙa da zuƙa.

Gyara na ƙarshe shi ne taɓa ƙarfen. Ana kwance tankin, a faɗaɗa hanyoyin ruwa da siririn magagari ko ƙaramin injin huda, kaɗan-kaɗan, duk ɓangarorin daidai da juna, don kada wani gefe ya jiƙe wani ya bushe. Wannan aiki ba ya komawa baya. Ƙofar da ta yi faɗi da yawa ba za ta ƙara riƙe ruwa mai sauƙi ba, kuma kuskure kaɗan yana iya ɓata zaren murɗi ko mazaunin zoben roba, iska ta riƙa shiga ta inda bai kamata ba. Akwai kuma garin ƙarfe, wanda idan ba a wanke shi tas ba yana iya haɗa wuta ko ya bi ruwan zuwa koyil. A wasu tankunan kwaikwayo masu arha, ƙarfen ciki tagulla ce aka yi wa rufi, hudawa kuma tana tone ta. Masu gaggawa da yawa sun huda tankin da audugarsa kawai ke neman taza.

Lafiya da doka

Bushewar auduga ba ɗanɗano kaɗai take ɓatawa ba. Idan koyil ya yi zafi ba isasshen ruwa, PG da VG suna rushewa su fitar da sinadarai masu guba irin su fomaldihaid da akrolin. A watan Janairun 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Portland ta Amurka sun ba da rahoton samun sinadaran da ke sakin fomaldihaid a tururin sigarin a ƙarfin wuta na bolt 5, ba su kuma same su a bolt 3.3 ba, ko da yake wasu masana sun ce irin wannan zafi yana ba da ƙaurin da mai sha ba zai jure ba. Gyaran gudun ruwa ba ya kawar da jarabar nikotin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar sigarin lantarki a matsayin abu mai illa. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2016 ta ƙayyade tanki a mililita 2, Indiya kuwa ta haramta sayar da sigarin lantarki gaba ɗaya a 2019.

Sababbin tankuna da yawa suna zuwa da manyan ƙofofi da zoben da ake murɗawa a buɗe hanyar ruwa ko a rage ta, abin da ya sa hudawa ta ragu ƙwarai. Masu hawa jirgin sama sukan rufe wannan zobe ko su zubar da ruwan kafin tashi, domin idan jirgi ya yi sama iskar da ke cikin tankin tana kumbura ta turo ruwan waje.