Waiwaye: Tun ranar da fim ya daina tona asiri a ɗakin hoton haƙori

Ana ta ja-in-ja a Katsina kan wanda ya cancanci riƙe na'urar hoton haƙori: sai mai takardar horo, ko duk ma'aikacin da likita ya nuna wa maɓalli ya isa? Masu cewa an cika tsanani suna da abin faɗa, domin hasken eksire da hoto ɗaya ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai. Sai dai maganar ba yau ta fara ba.

Röntgen, wani masanin kimiyya Bajamushe, ya gano hasken a ƙarshen 1895. Cikin 'yan makonni wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, ya yi minti 25 hasken na dukansa. A Amurka, likitan haƙori Edmund Kells ya yi shekaru hasken na dukan hannunsa a wurin aiki, ya rasa yatsunsa, daga baya har hannun. Daga irin wannan wuya aka samo ƙa'idojin ja da baya taku biyu ko uku, da garkuwar dalma, da bajon auna haske. Najeriya ta yi dokarta ta kariya daga irin wannan haske a 1995, hukumar kula da harkar ta fara aiki a 2001.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne 1987, shekarar da na'urar da ke aika hoton haƙori kai tsaye zuwa allo ta fito daga Faransa. Kafin nan fim, wato 'yar takardar da hoton ke fitowa a kanta bayan an wanke, shi ne malami. Ka zarce da haske, hoto ya fito baƙi ƙirin. Ka bar ruwan wanki ya ɗau zafin bazarar Katsina, ya lalace, kowa ya gani. Sake ɗauka kuwa asarar fim ce da kuɗi, don haka mutum kan natsu ya daidaita tun farko. Kwamfuta ta sauya wannan. Ita ke gyara hasken hoton da kanta, sai wanda aka zarce masa ya fito tas, ba mai sanin an yi ɓarna. In bai yi ba, a goge a sake. Sau nawa aka sake? Sai wanda ya tanadi littafi ya sani.

Ba kushe na'urar nake ba, tana ma buƙatar haske ƙasa da na fim. Amma kuskuren da a da ido ke kamawa, yanzu sai awo ya kama shi: a gwada na'ura lokaci-lokaci, a rubuta duk hoton da aka maimaita da dalilinsa.

Daga baya ƙananan na'urorin hannu masu batir suka shigo, kuma a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wa zai ƙi su? Mai ɗaukar hoto ya koma tsayuwa dab da majiyyaci, na'ura a hannunsa. Majiyyacin da ya zo daga Ƙofar Ƙaura sau ɗaya zai zauna a kujerar, ma'aikacin kuwa nan yake wuni, Litinin zuwa Asabar.