Auna shirin wayar da kai kan shan inna a Arewacin Najeriya

Shirin yaƙi da cutar shan inna a Arewacin Najeriya misali ne na yadda ake bin diddigin aikin kiwon lafiyar al'umma, a gano inda ya gaza, a gyara. Ya ɗauki shekaru da dama kafin masu gudanar da shi su daina dogaro da alƙaluman da ma'aikatansu ke kawowa kawai.

A 2003 jihohin Kano, Kaduna da Zamfara suka dakatar da ɗigon rigakafin, saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Zargin ya samu gindin zama, domin mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na Trovan da aka yi a kan yara a 1996 ba. Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, amma cutar ta riga ta bazu. A 2006 an samu yara 1,122 da ta kama a Najeriya.

Babbar matsalar ita ce takardun aiki suna nuna an yi wa kusan kowane yaro ɗigo, alhali yara na ci gaba da shanyewa. Wasu ma'aikatan sukan cika takarda ba su shiga gida ba, wasu ƙauyuka da rugage kuma ba su ma cikin taswirar aikin. Saboda haka aka kawo masu sa ido da ba sa cikin tawagar rigakafi. Daga 2009 aka fara amfani da tsarin LQAS: bayan kowane zagaye a zaɓi wurare 6 a ƙaramar hukuma, a duba yara 10 a kowanne, a ga ko akwai tawadar da ake shafa wa yaron da aka yi wa ɗigo a ɗan yatsansu. In waɗanda ba su da ita sun wuce ƙima, ƙaramar hukumar ta faɗi, sai an sake. Daga baya aka haɗa tawagogi da wayoyin da ke nuna inda suka taka, aka zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan Adam.

Abin da ya fi ƙirga muhimmanci, a ganina, shi ne tambayar dalili. Da aka fara rubuta abin da ya sa aka tsallake yaro, sai aka ga ba duka ƙin amincewa ba ne. Wani ya bi uwarsa unguwa, wani maigida ba ya nan kuma babu izininsa. Masu ƙi kuwa da yawa ƙorafinsu na gaskiya ne: ana bin su gida-gida da ɗigo kyauta, amma zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda na kashe 'ya'yansu, asibiti babu magani. Wannan ya sa aka riƙa haɗa ɗigon da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, daga baya aka buɗe sansanonin duba marasa lafiya.

Masu isar da saƙon ma an sauya su. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar III, hakimai da dagatai da masu unguwa suka shiga aikin. A 2012 UNICEF ta fara ɗaukar mata 'yan unguwa, masu aikin sa-kai na wayar da kan jama'a, waɗanda ake kira VCM, masu shiga gidajen da namiji ba ya shiga, suna halartar suna, suna rubuta jarirai. Aikin ya ci rayuka: a Fabrairun 2013 aka harbe mata 9 masu rigakafi a Kano.

Adadin masu kamuwa ya sauko daga 122 a 2012 zuwa 6 a 2014. A 2016 sai aka sake samun yara 4 a Borno, daga yankunan da rikicin Boko Haram ya hana masu rigakafi da masu sa ido shiga. Su ne na ƙarshe, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Zagayen ɗigo bai tsaya ba, saboda nau'in da ke rikiɗa daga maganin rigakafi yana ɓulla a inda yara da yawa ba su samu ba.