Wanda aka ɗauka riƙo yana da ikon sanin iyayen da suka haife shi?

A wasu ƙasashen Turawa idan kotu ta amince aka ɗauki yaro riƙo, ana rufe takardar haihuwarsa ta asali a yi masa wata sabuwa da sunan iyayen riƙon, to sai yaro ya girma har ya yi aure ya haihu bai san sunan uwar da ta haife shi ba, likita ma ya tambaye shi ko akwai ciwon gado a danginku ya rasa amsa.

A Ingila da Wales dokar 1975 ce ta buɗe ƙofa, duk wanda ya kai shekara 18 zai iya neman takardarsa ta asali, a Scotland ma daga 16 ne. Amma a Ingila da Wales wanda aka ɗauka kafin 12 ga Nuwamba 1975 dole sai ya zauna da mai ba da shawara tukuna, dalili kuwa a wancan zamanin an nuna wa matan da suka ba da jariransu cewa har abada ba mai nemo su, yawancinsu kuma 'yan mata ne da suka yi ciki ba aure aka matsa musu, wata ma mijin da ta aura daga baya bai san zancen ba.

Samun takarda daban, haɗuwa daban, nan ne mutane suke ruɗewa. A Ingila da Wales tun 1991 akwai rajistar neman juna, ɗan riƙo ya sa sunansa a ɓangare ɗaya dangin asali su sa a ɗaya, in aka dace sai a ba ɗan riƙon suna da adireshin ɗan'uwan nasa, shi kuma ɗan'uwan a gaya masa an dace kawai, wato ɗan riƙon ne zai yanke ko ya nema ko ya bari. Mutum ma zai iya rubuta cewa ba ya so a neme shi.

Ireland sai 2022 suka yi tasu dokar, in uwa ta ce kar a neme ta za a yi wa ɗan bayanin haka, amma duk da haka za a ba shi takardarsa. Ni dai a ganina wannan shi ne adalci, ba a tilasta wa mace ganin wanda ba ta shirya gani ba, shi kuma ba a hana shi sanin asalinsa, ai ba shi ya sa hannu a wancan alkawarin ba, yana jariri aka yi shi.

Amurka kam kowace jiha da nata tsarin, Kansas da Alaska ba su taɓa hana wanda ya girma ganin tasa ba, New York sai Janairun 2020 ta buɗe, wasu jihohin kuma har yau sai mutum ya je gaban alƙali ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili.