Waiwaye: filin jirgin saman Gusau da tambayar su wa za su hau

Muhawarar da ake yi a Zamfara kan sabon filin jirgin saman Gusau, wanda aka aza harsashinsa a 2024 domin ya maye gurbin ƙaramin filin sauka na da, ta rabu gida biyu: akwai masu cewa an daɗe ana jiransa, akwai kuma masu tambayar ko za a sami fasinjojin da za su riƙe shi. Maganganun nan biyu ba jiya aka fara su ba.

Tarihin farko sananne ne. Layin dogo ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya yi ta jigilar gyaɗa da auduga. Da aka cire Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1996, babban filin jirgi ya rage a Sakkwato, maniyyatan sabuwar jiha suka ci gaba da tafiyar kimanin kilomita 200 a mota kafin su hau jirgin Saudiyya. Ita kuwa Kebbi ta gina nata a Ambursa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne shekarar 2003, lokacin da kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, ya daina tashi. Kamfanin na gwamnati ne, kuma zuwa garuruwa irin su Sakkwato da Yola da Maiduguri yana cikin aikin da aka kafa shi dominsa. Bayan tafiyarsa, sufurin cikin gida ya koma hannun 'yan kasuwa ɗungurungum, su kuwa sai sun lissafa kuɗin mai, da kayan gyaran da ake saya da dala, da kujerun da za su cika kafin su sa sunan gari a jadawalinsu. Jirgin da ke ɗaukar mutum ɗari da ɗoriya, idan ya yi ta sauka da fasinja talatin, ba za a daɗe ba mai shi zai janye shi, komai kyan titin da aka shimfiɗa masa. A ganina tun daga nan ne gina fili ya daina zama tabbacin zuwan jirgi, amma yawancin masu muhawara har yanzu da tsohon lissafi suke magana.

Shi ya sa hasashen yawan matafiya ke buƙatar natsuwa. Jigilar alhazai 'yan makonni ce a shekara, ba za a raba ta a kan wata goma sha biyu a ce ita ce buƙatar yau da kullum ba. Rashin tsaro a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wanda duk mai ɗan'uwa a kan hanyar ya san zulluminsa, ya sa mutane da dama na sha'awar jirgi, sai dai wasunsu za su koma mota da zarar hanya ta lafa. Haramcin shawagin jirage a samaniyar jihar da aka sanar a watan Maris na 2021 ma ya nuna cewa matsalar tsaron kan iya tsayar da jirgin kansa.

Ƙidayar da za a dogara da ita tana tashar mota. A je da asuba a ga motoci nawa ke cika zuwa Abuja da Kaduna, a tambayi ma'aikaci da ɗan kasuwa da mai raka majinyaci nawa suka biya, sannan a gwada da kuɗin tikiti, wanda ya ninka na mota sau da dama. Waɗanda za su iya biyan wannan bambanci kowane mako su ne ya kamata a auna girman zauren matafiya da yawan sawun jirgi a kansu.